Kada Mu Yar Da Tsofaffin Kwamfutoci, Mu Raba Musu Rumbu Gida Biyu

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannu daga kula da Windows 10, sai ga wanda ya yi rajistar ɗan ƙarin wa'adi. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma injinta, in na Intel ne, ya zama ƙarni na 8 ko sama. To, a dubi kwamfutocin da ke hannunmu a Gangara, da Gazawa, da Agye. Akasarin waɗanda nake gani na hannu ne, tsofaffin HP da Dell da Lenovo da aka sayo a Maradi ko aka tsallako da su daga Katsina da Kano. A idon Microsoft sun gama yayi. A idona kuwa, na'urar da ke buga takardar makaranta, take lissafin ƙungiyar manoma, ba ta mutu ba.

Shi ya sa nake goyon bayan dabarar da wasu matasa masu gyara suka fara yi, ta ɗora manyan manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya. Ana raba rumbun ajiya gida biyu, Windows a gefe guda, Linux a ɗayan. Da ka kunna, baƙin allo zai fito da ƴan layuka, sunansa GRUB, ya ba ka daƙiƙu kaɗan ka zaɓi wadda za ka shiga.

Linux ba baƙon jiya ba ne. Linus Torvalds ya fara shi a Finlan a 1991, kuma kyauta ne, kowa na da izinin kwafa ya ba ɗan'uwansa. Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-irensa, ta fito a 2004 da kuɗin Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Akwai Linux Mint, mai kama da Windows a ido, akwai kuma Emmabuntüs, wadda Faransawa suka tsara musamman domin tsofaffin kwamfutoci, har an kafa ɗakunan koyon kwamfuta da ita a makarantun Togo. Dukansu suna jin Faransanci, kuma suna zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi.

Mai karatu zai ce, tunda haka ne, me ya hana a goge Windows ɗin kowa ya huta? Kayan da ake jona wa kwamfutar ne suka hana. Kowace firinta, kowace na'urar sikanin, tana buƙatar ƴar manhajar da ake kira direba, wadda ke fassara magana tsakaninta da kwamfuta, kuma kamfanoni da yawa Windows suka fi yi wa hidima. Ƙaramar firintar nan Canon LBP2900, da ta cika shagunan buga takardu, a Windows nan da nan take amsawa, amma a Linux sai mai gyara ya yi gumi. Mai gyaran waya ma haka: yawancin manhajojin da yake yi wa Tecno da itel da Samsung filashin da su, na Windows ne. Wanda abincinsa ke jikin waɗannan kaya, ba ka ce masa ya bar Windows ba tare da ka cuce shi ba.

Ta ɗaya gefen kuma, barin tsohuwar Windows a kan intanet kasada ce. Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ya san abin da ke faruwa: ɗalibi ya kawo filas, an soka, sai ka ga duk fayilolinsa sun koma gumaka masu ƴar kibiya a gindi, aikin wata guda ya ɓuya. Wannan ƙwayar cutar ta Windows ce, ba ta da ƙafar tafiya a Linux. Ka buɗe filas ɗin a can, ga fayilolin nan zaune, ka kwashe su, ka share dattin. Wani lokacin ma Linux ne ke raya kayan da sabuwar Windows ta manta da su, kamar tsohuwar na'urar sikanin da kamfaninta ya daina yi wa direba.

Na sha jin masu cewa taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, amma a nan ɗaya bayan ɗaya ake taunawa. Manhaja ɗaya ce ke aiki a lokaci guda, kuma duk ƙarfin na'urar nata ne. Wannan ya fi dacewa da mu a kan kunna Windows a cikin Linux ta hanyar VirtualBox, domin kwamfuta mai RAM giga 4 ba ta iya ɗaukar biyun tare sai da nishi.

Sai dai goyon bayana yana da sharaɗi, kuma ga masu gyara nake magana. Ya ɗan'uwa, kada ka raba rumbun mutum don kawai a ce ka iya. Ka tambaye shi tukuna: wace na'ura ce ba ta aiki sai da Windows? In babu, ba shi Linux kaɗai. In akwai, to ka kwashe masa takardunsa da hotunansa a wani wuri kafin ka taɓa komai, domin kuskure ɗaya wajen rabo yana share rumbu baki ɗaya. Kuma kada ka fara sai batir ya cika, tunda mun san halin wuta a karkara.

Akwai ƙananan abubuwa da ke sa mai kwamfuta ya tsani wannan tsari, alhali maganinsu minti biyar ne. Windows tana ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin gida, Linux kuwa yana ɗaukarsa lokacin GMT. Nijar tana gaba da awa ɗaya, don haka mutum zai fito daga Linux ya shiga Windows ya tarar agogo ya ja baya da awa guda. Ga wanda ke duba allo don sanin lokacin Azahar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan akwai saurin tashi na Windows, wanda ba ya kashe ta gaba ɗaya, sai ya bar ɓangarenta a kulle, Linux ya kasa ajiye komai a ciki. A kashe shi tun ranar farko. A kuma sani cewa sabuntawar Windows tana iya taɓa ƙofar shiga: a watan Agusta na 2024 wata sabuntawa ta hana Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu a ƙasashe da dama. Don haka a bar wa mai kwamfuta filas ɗin Linux a aljihu, a nuna masa yadda ake tashi da shi.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne Linux ya zama wurin zaman yau da kullum, nan ake shiga intanet, nan ake buɗe filas ɗin baƙo. Windows kuwa a cire ta daga intanet, a shige ta kawai idan za a buga takarda ko a gyara waya.

Abin da ya fi damuna shi ne ilimin ya tsaya a Maradi. Malamin makaranta a Gangara bai kamata ya biya kuɗin mota zuwa birni don agogo ya sauka da awa ɗaya ba. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da na makarantun koyon sana'a da ke dawowa gida hutu, wannan aikinku ne. Ku zo da filas ɗaya mai Linux Mint, ku zauna da malamai da masu shaguna yini guda, ku bar kowa ya yi rabon da hannunsa a gabanku. Kuɗin da za a kashe wajen sayen sabuwar kwamfuta, gara ya tafi ga faifan sola da batir.