Gwanintar Mayar da Gidan Gona Asibiti a Yaƙin Basasar Amurka

Ranar 17 ga Satumba, 1862, a bakin rafin Antietam da ke jihar Maryland, sojoji kimanin 23,000 ne suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace cikin yini ɗaya. Babu asibiti a kusa, sai gidajen manoma da bargogi da majami'u. A nan ne gwanintar Dokta Jonathan Letterman, shugaban likitocin rundunar jihohin Arewa da ta fafata a wurin, ta fito fili.

Ba kowane gini ake ɗauka ba. Sai wanda yake da rijiya ko rafi kusa, yana bayan tudu inda harsashin igwa ba ya kaiwa, kuma yana bakin hanya don keken doki ya iya shigowa da masu rauni. Da zarar an samu irinsa, a fitar da kayan ɗaki, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ciro ƙyauren ƙofa a ɗora kan ganguna biyu, shi ke nan an samu teburin tiyata. Tun da babu lantarki, a bakin taga ko a farfajiya ake ajiye shi saboda haske.

Sai rarrabe majinyata, wanda shi ne aiki mafi nauyi a zuciya: wane zai iya jira, wane yake buƙatar wuƙa nan take, wane kuma sai dai a rage masa zafi. Harsashin wancan zamani yana farfasa ƙashi, don haka ƙwararren likita yakan shaƙa wa soja kulorofom don ya sa shi barci, ya yanke ƙafa ko hannu cikin 'yan mintuna. Ba su san ƙwayoyin cuta ba tukuna, amma duk da haka kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka yi wa yankan sun rayu.

A gidan Carnton da ke Franklin a jihar Tennessee, inda aka kwantar da sojojin Kudu bayan gumurzun 30 ga Nuwamba, 1864, har yau ana ganin tabon jini a daben katako. Gidan Pry kuwa na Antietam, wanda shi ma aka yi jinyar masu rauni a cikinsa, an mai da shi gidan tarihi.

Waɗannan likitoci sun cancanci jinjina, domin da abin da suka tarar suka yi aiki. Tsarin Letterman na kwaso mai rauni, a ɗaure masa ciwo a fagen fama, sannan a wuce da shi asibiti, yana cikin tushen tsarin da sojoji suke bi har yau.