Matan da Ke Gina Randa a Ushafa

Wanda ya kama hanyar Bwari daga Dutsen Alhaji, ya karkata wajen madatsar ruwan Usuma mai shayar da Abuja, zai iske Ushafa a gindin duwatsu. Ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda muka fi sani da Gwari. 'Yan birni kan tuna da shi saboda Bill Clinton, da ya zo a Agustan 2000 yana shugaban Amurka, har aka naɗa shi Ɗanmasanin Ushafa. Ni kuwa a ganina, magina tukwanen garin su ne abin yi wa tattaki.

Maginiyar gargajiya ba ruwanta da injin juyi. Curin yumɓu take dasawa a kan kasko, ta dunƙule hannu ta rarake cikinsa, ta riƙa jan gefen sama. Tukunya tana zaune, maginiyar ce ke zagaya ta a sunkuye, tana ɗora murzajjen yumɓu zobe kan zobe, hannu ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗayan a waje yana shafewa. Babu awo, sai ido da tafin hannu, amma randa ta tashi ba karkace ba tudu. In ta zo baki, jiƙaƙƙen tsumma take matsawa ta kewaya da shi, leɓen ya fito sumul.

Tun yumɓu na da danshi ake ado. A mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kafaɗar tulu ta bar sawu, sauran kuma a tsaga da tsinin wuƙa. A wannan fanni ne marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta yi wa tsara zarra. Halittun dajin ƙasarsu ta riƙa kwantarwa a jikin randa: kada, kunama, hawainiya, ƙadangare, kifi. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta koyi aikin Turawa ba tare da ta saki na gida ba.

Gashi a fili ake yinsa, da itace da busasshiyar ciyawa. Tukunya na fitowa da zafinta a yayyafa mata makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ta yi duhu ta ƙara ƙwari. Wadda aka gasa ba ta gama bushewa ba, a wuta take fashewa, aikin kwanaki ya tafi.

Saboda haka in ka je sayen randa a Ushafa, don Allah kada ka tsananta ciniki.