Hume da Mu'ujiza: Ma'aunin da Ya Karkata

A shekarar 1748 David Hume, masanin falsafa ɗan ƙasar Sukotilan, ya buga wani babi a kan mu'ujizai, wanda har yau masu shakka suke dogara da shi. Ga hujjarsa: kullum muna ganin matattu suna nan kwance a kabari, kullum kuma muna ganin mutane suna ƙarya ko kuskure. Saboda haka in aka ce mamaci ya tashi, ya fi sauƙi a ce mai ba da labarin ne ya ruɗe.

'Yan'uwa, akwai gaskiya a cikin wannan gargaɗi. Ba kowane mai shelar warkarwa a taron wa'azi za a gaskata ba.

Amma ma'aunin Hume ya karkata. Ya ce ba a taɓa ganin mamaci ya tashi ba a kowane zamani. Ina ya san haka, in ba ya riga ya kori manzannin da suka ce sun gani ba? Alƙalin da ya yanke hukunci kafin ya ji shaidu bai yi shari'a ba. Mu auna shaidun tashin Almasihu tukuna, sa'an nan mu yanke hukunci.