Jinjina Ga Masu Dasa Kunne A Ƙasan Teku

Garin Wasagu na nesa da teku, amma duk yaron da ya taɓa nutso a rafi da damina ya sani: idan abokinsa ya gwara duwatsu biyu cikin ruwa, ƙarar na isowa kunne tar. A iska sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa, a ruwan teku kuwa kusan 1,500. Siginar rediyo da wayoyinmu suka dogara da ita, ruwan gishiri na shanye ta tun ba ta je ko'ina ba.

A kan wannan injiniyoyin hukumar NOAA ta Amurka suka gina tsarin DART, kuma sun cancanci a ce musu sannu da ƙoƙari. Sukan saukar da na'ura can ƙasan teku, zurfin kilomita da dama, ta zauna tana auna nauyin ruwan da ke kanta. Da igiyar tsunami ta gifta, sai ta aika saƙo da sauti zuwa wata na'urar da aka ɗaure tana shawagi a sama, ita kuma ta miƙa wa tauraron ɗan'adam.

Aiki ne mai cin rai. Amsa-kuwwa na dagula saƙo, ƙugin jirage na danne shi, batir in ya ƙare sai an tashi jirgi musamman. Ranar 26 ga Disamba 2004, da tsunami ta hallaka mutum fiye da 200,000, Tekun Indiya ba ya da irin wannan kunne. Zuwa 2008 tashoshin DART na Amurka sun kai 39.