Idon Dillali da Idon Focillon

Babbar rigar kakanmu ta yi shekaru a ƙasan adaka a gidanmu na Kaya, cikin ƙasar Maradun, har ranar da rabon gado ya sa dole a yi mata kuɗi. Ni aka ɗora wa kai ta kasuwar Talata Mafara, wurin wani tsohon dillalin riguna da kowa ya yarda da idonsa. Na ɗauka zai ɗaga ta sau ɗaya ya faɗi farashi in juyo. Sai da muka kusa cin awa guda.

Bai fara da kallo ba. Ya goge tafukansa a buzun da yake zaune a kai, ya karɓi rigar a ninke, ya ɗora a hannu yana jinjina ta. Saƙi, wato yadin da masaƙa ke saƙawa da zaren da mata suka kaɗa a mazari, nauyinsa daban da na shadda. Sannan ya kai ta hanci. Warin danshi yake nema, don rigar da ta sha damina a ɗaki mai yoyo zarenta ya riga ya mutu, ko da ido bai nuna ba.

Da ya gamsu, sai ya tashi daga inuwar rumfa ya tsaya a bakinta, inda hasken hantsi ke shigowa ta gefe. Wannan tsayuwa ma ilimi ce. Hasken da ya faɗo daga sama yana baje komai ya zama ɗaya, na gefe kuwa yana ba kowane tudu da kwarin ɗinki inuwarsa. Ya warware rigar, ya bi layukan haɗi da babban yatsa yana ƙirga a ransa. Masaƙarmu ta gargajiya siririn yadi take fitarwa, faɗinsa 'yan yatsu, a jera shi gefe da gefe a ɗinke har ya zama riga. Iya sirantar yadin, iya yawan haɗin, iya kwanakin da aka ɓatar.

Sai ya zo kan aikin ƙirji. Ga asake, dogayen siffofin nan masu tsini da ke saukowa kan aljihu. Ga tambari, da'irar da ke nannaɗe kanta. Ga gidan biyar.

"Mi kag gani, yaro?"

"Aska takwas ce, Baba."

"Sunanta ka faɗi. Ni abin da kag gani nika tambaya."

Ya juya rigar ciki ya koma waje. A bayan aiki maɗinki ba ya iya ɓuya. Ɗinkin keke tsawonsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma zaren ƙasa na biye da shi. Na hannu yana numfashi: nan ya matsu, can ya ɗan saki, ga ƙullin da aka yi inda zare ya ƙare. Ya nuna mini wani dishi-dishin baƙi a gefen aska ɗaya, ya ce tawada ce. Kafin allura ta taɓa riga, mai zane ne ke fitar da siffar da alƙalami, sau da yawa malami wanda hannunsa ya saba da allo, maɗinki kuma ya bi sawunsa. Daga nan ya ɗora yatsana a tambarin baya, ya mayar da shi kan na gaba. Na baya ya fi sako-sako, allurar ma ta karkata wani gefe. Mutum biyu suka yi aikin, in ji shi: gwani ya yi ƙirji, ya bar wa yaronsa baya.

Ya tsinko wani ɗan zare da ya riga ya fita, ya kyasta ashana. Warin ƙonannen gashi ya tashi. Auduga warin takarda take yi. Wannan tsamiya ce, alharinin ƙasarmu da ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa da toka a kaɗa, launinsa ƙasa-ƙasa ba ƙyalli.

A bencin mai shayi da ke kallonmu, wani saurayi ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Kai, ta yi kyau," ya mayar da kai. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta ci masa ko daƙiƙa biyu ba.

Abin da tsohon nan yake yi a bakin rumfa, a jami'o'in duniya fanni ne mai zaman kansa, tarihin fasaha, kuma cikin manyan malamansa akwai wani Bafaranshe, Henri Focillon. An haife shi a Dijon a 1881. Mahaifinsa, Victor Focillon, mai zane ne a kan farantin jan ƙarfe: a shafe farantin da kakin da ruwan asid ba ya ci, a karce zane da allura, a tsoma a asid ya cinye inda aka karce, a cusa tawada cikin ramukan, a danna takarda a kai da matsi. Yaron da ya tashi a irin wannan ɗaki ya san layi ba daga sama yake faɗowa ba, ƙarfe da wuyan hannu ne ke haifar da shi. Shi ya sa babban bincikensa na digiri, wanda ya fito a 1918, a kan Piranesi ne, ɗan Italiya mai irin sana'ar ubansa. Ya shugabanci gidan adana kayan fasaha na Lyon daga 1913 zuwa 1924, inda kullum yake tare da kayan kansu. Daga nan ya koma koyarwa a Sorbonne ta Paris, ya shiga Collège de France a 1938, ya rasu a New Haven ta Amurka a 1943, yana koyarwa a jami'ar Yale lokacin da sojojin Jamus ke riƙe da ƙasarsa.

Littafinsa da ya fi suna, Vie des formes na 1934, wato rayuwar siffofi, hujjarsa ita ce siffa ba ta rabuwa da abin da aka yi ta da shi da kayan aikin da ya fitar da ita. Har wata maƙala ya rubuta ta yabon hannu. Da ya nazarci sassaƙen dutse na tsofaffin majami'un Faransa, ya nuna yadda masassaƙa ke lanƙwasa jikin mutum ko dabba don ya cika gurbin da ginin ya ba shi. Da na sake duban rigar kakanmu sai na ga haka: asaken sun bi faɗin aljihu, aikin wuya ya zagaye linzami, inda riga ta fi shan ja, ya zama ado kuma ya zama ƙarfi. A nan gida ma an yi masu irin wannan nazari. David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi maɗinka da masu zane yana rubuta sunayen ɗinke-ɗinke, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Sai dai a ganina, duk abin da irinsu suka rubuta, daga bakin irin tsohon nan suka fara jin sa.

Hukuncin dillalin gajere ne. Saƙi na kirki, tsamiya ta gaske, hannu biyu, shafin ƙasa kuma ba na asali ba ne, an canja shi daga baya da yadin kanti. Ya faɗi kuɗin da ya ce ba zai ji kunyar maimaitawa gaban magada ba. Na miƙa masa la'ada, ya ɗauki rabi ya turo mini saura.

Sannan ya ninke rigar da kansa, yana kauce wa tsofaffin layukan ninki, don a nan zare ke fara karyewa.

"In ba a saishe ta ba, a riƙa hiddo ta tana shan iska cikin rani. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."