3.4 Sharhi a Kan Ma'aunin "Asali" a Dokar Zama Ɗan Ƙasa

Idan aka dubi Tsarin Mulkin Nijeriya na 1960, za a ga cewa wurin haihuwa shi ne babban ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen tantance ɗan ƙasa. Tsarin Mulkin 1979 kuwa, a sashe na 23, ya shigo da wani sharaɗi ga waɗanda aka haifa kafin samun mulkin kai, wato lallai ne ɗaya daga cikin iyayen mutum ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da take 'yar asalin Nijeriya. Haka sharaɗin ya sake fitowa a sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999.

A ra'ayin mai wannan nazari, raunin sharaɗin shi ne bai fayyace wace al'umma ce 'yar asali ba, kuma bai faɗi daga wace shekara za a fara ƙirga asalin ba. Iyakokin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata sun raba Barebari da Hausawa da Fulani tsakanin ƙasashe daban-daban. To, Babarbaren da aka haifi kakansa a gabashin tafkin Chadi, asalinsa na ina ne?

Ba a daɗe ba illar dogaro da asali ta bayyana. A watan Janairun 1980 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, zuwa Chadi bisa hujjar cewa mahaifinsa ɗan can ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, domin an tabbatar mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya tono asalinsa sai da ya yi ƙarfi a jam'iyyar adawa.

Wannan ba a Nijeriya kaɗai ya faru ba. A Zambiya, gyaran tsarin mulki na 1996 ya wajabta wa ɗan takarar shugaban ƙasa ya kasance iyayensa duka biyu haifaffun ƙasar ne, lamarin da ya hana Kenneth Kaunda tsayawa takara saboda iyayensa daga Malawi ta yanzu suka fito, alhali shi ne ya mulki ƙasar daga 1964 zuwa 1991.