Masu Karatun Cikin Aisi a Bakin Iyakar Maigatari

Alhamis ranar Maigatari ce. Tun da sassafe raƙuma da shanu da tumaki ke kwararowa daga ƙasar Damagaram da ma gaba da can, kuma duk baƙon da ya zo kallo kara yake nufa. Ni kuwa hankalina yana can wajen masu riɗi da zoɓo, inda ake ɗora buhu kan sikeli mai batir, jajayen lambobi su yi ta rawa kafin su tsaya. A kan waɗannan lambobi ake ƙirga kuɗi, amma ba mai tambayar sikelin yadda aka yi ya san kilo hamsin. Ka kashe shi, ka zare batir, ya yi wata guda a sito, ranar da ka kunna zai tuna. Wannan tunanin yana da wurin zama a cikin na'urar, kuma akwai masu gyaran da suka iya leƙa wurin su karanta abin da ke ciki. Su nake son yabawa.

In aka kwance sikelin za a tarar da fanel, a kansa wani baƙin abu mai ƙafafu da bai fi farcen yatsa ba. Masu gyara aisi suke ce masa. Kwamfuta ce sukutum, sai dai aiki guda aka koya mata. Danginta ne a cikin inbata, da na'urar cajin sola, da mitar wuta ta kati, da dikoda, da allon gaban mota. Mu ɗauki wadda ɗalibai suka fi sabawa da ita, ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno. Ma'ajiya uku gare ta. Akwai babba mai kilobayit 32, inda umarnin aikinta yake. Akwai ta lissafin nan take mai kilobayit 2, wadda tamkar rubutu ce a kan rairayi, wuta na ɗaukewa iska ta share. Ta ukun ita ce tamu: bayit 1024 kacal, masu gyara na kiranta ifirom. Ita kamar allon almajiri take, abin da aka rubuta yana nan har sai an wanke da gangan. Wasu na'urorin a waje suke ajiye ta, a wata 'yar aisi mai ƙafa takwas irin 24C02, wadda bayit 256 ne duk cikinta.

Dabarar riƙon ta samo asali ne a 1967, lokacin da Dawon Kahng da Simon Sze na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa ana iya cusa 'yar wuta a wani mitsitsin aljihu da aka toshe ta kowane gefe, ta zauna ba hanyar fita. Takardar bayanin ATmega328P ta ce rubutun zai yi shekara 100 a yanayin zafi na maki 25, ko shekara 20 a maki 85. Ko zafin bazarar Sule Tankarkar bai isa ya sa ta mantuwa da wuri ba.

To, me ake gani in an leƙa? Mai gyara zai maƙala ɗan matsi a ƙafafun aisin, ya haɗa da na'urar karatu irin CH341A, ko kuma ya yi amfani da manhajar avrdude in Arduino ce. Sai allon kwamfuta ya cika da layuka, kowane layi da gurbi goma sha shida, kowane gurbi da alama biyu. Gurbi ɗaya shi ne bayit, yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, kuma ana rubuta shi da ƙidayar goma sha shida, wadda bayan 9 ke ci gaba da A, B, C har F. Kowane gurbi da lambarsa, kamar rumfunan kasuwa a layi. Inda ka ga FF ta yi ta maimaituwa, rumfunan ba kowa, domin haka wankakkiyar ma'ajiya take.

Abin da ke sa aikin wuya shi ne babu suna a ƙofar ko wace rumfa. Wanda ya rubuta manhajar a Sin ko a Indiya ya san cewa ya jera farashin kaya uku ɗaya bayan ɗaya, abin da masu shirya manhaja ke kira jeri. Aisin ba ta ajiye sunan jerin ba, ba ta sa katanga inda ya fara ko inda ya ƙare ba. A ce farashin su ne 500 da 1000 da 2500. Ga abin da zai bayyana:

F4 01 E8 03 C4 09

Shi ke nan. Wanda bai iya ba zai ga lambobi shida. Wanda ya iya zai ga uku, domin ya san duk lambar da ta haura 255 sai ta ci aƙalla gurbi biyu. Kuma ya san wani abu da ke kayar da sabon shiga: wannan aisin ƙaramin ɓangare take fara ajiyewa kafin babba. Dubu ɗaya a wannan ƙidaya 03E8 ce, amma E8 03 za ka gani. Duk wanda ya zauna gaban malamin Larabci ba zai yi mamaki ba. Bahaushe ya ce ashirin da biyar, Balarabe ya ce biyar da ashirin, lamba ɗaya ce. In ka karanta E8 03 yadda idonka ya gan ta, 59395 za ka samu a maimakon 1000. In kuma ka zame da gurbi ɗaya tak, ka haɗa wutsiyar 500 da kan 1000, za ka samu 59393, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka, sai dai a nan rabon na mai haƙuri ne.

Ga wani kuma: 00 00 48 42. Wannan hamsin ce, irin lambar da ake ajiyewa da ɗigo, wadda ke cin gurbi huɗu. Ƙwararre na ganin 42 ko 41 ko 3F na faɗowa a kowane gurbi na huɗu, zai ce jerin masu ɗigo ne, tun kafin ya taɓa abin lissafi. Haka in ya ga 52 49 44 49 da 00 a ƙarshe, ya san rubutu ne, an rubuta RIDI an rufe. Ga 'yar tsokana ga masu kishin harshe irina: a tsarin da intanet ke bi, harafin ɗ mai lanƙwasa gurbi biyu yake ci, C9 97, ƙ kuma C6 99. Wato riɗi haruffa huɗu ne a takarda, gurbi biyar a na'ura. Mai manhajar da ya ware gurbi huɗu ya sare wa riɗinmu wutsiya.

Yadda suke gano ma'anar kowane gurbi ba tare da takardar kamfani ba, nan ne na fi sara musu. Ba sa tsafi, ba sa cinke. Mai gyara zai karanta ma'ajiyar, ya ajiye kwafi. Sai ya canza abu guda a na'urar, a ce ya mai da farashin farko daga 500 zuwa 501, ya sake karantawa, ya kwatanta. In F4 ta koma F5, ya samu rumfar farko. Ya canza na biyu, ya ga motsi gurbi biyu a gaba, ya san faɗin kowace lamba da tsawon jerin. Irin aikin mai bin sawu ne a daji. Sau da yawa kuma wani gurbi can ƙarshe zai motsa alhali ba a taɓa shi ba. Wannan lambar shaida ce, jimillar da na'urar ke lissafawa don ta gane ko an ɓata mata ajiya. Wanda ya gyara jeri ya manta da ita, na'urar za ta ƙi aikinsa ta koma yadda ta fito daga kamfani, ko ta tsaya cak.

Mai kaya dai gaggawa yake. “Injiniya, gobe kasuwa, ka yi wa sikelin filashin kawai, ka zuba masa sabon fayil.” Amsar wanda ya san aikinsa ɗaya ce: “Alhaji, bari in fara kwashe abin da ke ciki.” Yana da hujja. Lambobin saiti na sikeli nasa ne shi kaɗai, an same su ne ranar da aka ɗora masa nauyin gwaji, domin ƙarfen da ke jin nauyi a wannan sikelin bai yi daidai da na ɗan'uwansa ba. Ka zuba masa fayil ɗin wani, zai kunnu lafiya lau yana ƙarya. Wata aisin ma a kulle take zuwa, ba ta karantuwa, kuma buɗe kullen na share komai. A nan gwani hannunsa yake janyewa ya faɗi gaskiya.

Abu biyu suka fi ɓata wannan ajiya. Na farko wutarmu. Rubuta bayit ɗaya a ATmega328P na ɗaukar wajen kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, in kuwa batir ya yi sanyi ko janareta ya yi tari a tsakiyar rubuta jeri, rabi sabo ne rabi tsoho. Na biyu gajiya. Kamar yadda allo ke sanƙo da yawan wanki, kowane gurbi an lamunce masa rubutu sau 100,000. Da yawa ne a ido, amma ɗalibin da ya sa na'urarsa ta riƙa rubuta wa gurbi ɗaya kowace daƙiƙa zai cinye lamunin kafin awa 28. Shi ya sa masu wayo ke zagayawa da rubutun daga gurbi zuwa gurbi, kuma mai karatu in ya ga jeri iri ɗaya ya maimaitu sau goma da ɗan bambanci, ya san ba lalacewa ba ce, sai ya nemi na baya-bayan nan.

Ba zan ɓoye ba, wuƙar da ke fiɗa ita ke yanka. Hannun da ya iya gyara saitin sikeli ya iya karkata shi, ya iya mai da tafiyar tsohuwar mota baya a allonta. Tauye mudu ne ya sa sabuwar riga, kuma hukuncinsa bai canza ba don an yi shi da kwamfuta. Manomin Gagarawa da ya kawo buhunsa ba shi da hanyar ganin F4 ko F5. Amanar mai gyara ce kaɗai garkuwarsa.

Tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa yankin ciniki maras shinge na Maigatari, kuma in ana zancensa gine-gine da hanyoyi ake lissafawa. Amma kowane sikeli da kowace inbata da za a girke a wurin da aisi a cikinta, kamfanin da ya ƙera ta kuwa yana wata uwa duniya. In ta rikice, ko dai a bi ta Gumel a kai ta Kano, ko a jefar, ko a samu yaron gida da ya iya karatun nan. Kayan koyonsa ba su da tsada: tsohuwar kwamfuta, na'urar karatu, da matattun fanel da ke zube a kowane shagon gyara. Cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure da kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja za su iya sa ɗalibi ya zauna da sikelin kasuwa na gaske, ya fito da taswirar gurabensa da hannunsa kafin a ba shi takarda.

Kai kuma mai sikeli ko mai inbata, kada ka jira sai ta lalace. Kai ta wurin mai gyaran da ka amince da shi tun tana lafiya, ya kwafe maka abin da ke cikin ma'ajiyarta, ka adana a wayarka. Fayil ɗin bai kai nauyin hoto ɗaya ba.